Octavia Butler, marubuciyar da ta mayar da labarin kimiyya zamanin bauta

An haifi Octavia Butler a birnin Pasadena na jihar Kalifoniya a Amurka a shekarar 1947. Mahaifinta mai goge takalma ne, ya rasu tana ƙarama, mahaifiyarta kuwa aikatau take yi a gidajen fararen fata, inda yarinyar ta sha ganin ana shigar da uwarta ta ƙofar baya. Bayan ta girma, ta daɗe tana tashi cikin dare ta yi rubutu kafin ta tafi aikin wankin kwanuka ko na masana'anta, har littafinta na farko, Patternmaster, ya fito a 1976.

A ganina, Kindred na 1979 shi ne inda gwanintarta ta fi fitowa fili. Sauran marubutan ƙagaggun labaran kimiyya sun saba ƙera wa jarumansu na'urar da za ta kai su wani zamani, amma Butler ba ta ɓata lokaci wajen bayanin na'ura ba. Dana, jarumar littafin, baƙar fata mazauniyar Kalifoniya a 1976, jiri kawai yake kama ta, sai ta tsinci kanta a wata gonar bayi a Maryland a farkon ƙarni na 19, duk lokacin da ran Rufus, ɗan mai gonar, ya shiga haɗari. Tilas ta cece shi, ko da yake tana ganin irin azzalumin da yake zamowa, domin shi kakan kakanninta ne, kuma idan ya mutu da wuri ita ma ba za a haife ta ba. Marubuciyar ta bayyana cewa ta so matasan da suke raina haƙurin iyayensu su ɗanɗani abin da aka jure kafin su sami sakewa, shi ya sa ba ta bar Dana ta dawo gida da hannunta na hagu ba.

Daga baya ta rubuta Parable of the Sower a 1993, wanda labarinsa ya fara a 2024 cikin ƙarancin ruwa da rushewar tsaro. A 1995 ta zama marubuciyar wannan fanni ta farko da ta sami kyautar MacArthur, wadda wata gidauniyar Amurka ke bai wa masu hazaƙa. Ta rasu a 2006 tana da shekara 58, ba tare da ta kammala littafi na uku na jerin Parable ba.