Kada ka ci bashi don ka ji ana yaƙi

A watan Yunin 2025, lokacin da Isra'ila da Iran ke musayar wuta da makamai masu linzami, ɗan ƙanwata ya shigo zaure yana nuna mini farashin ɗanyen mai a wayarsa. Ya ce, "Kawu, idan aka rufe Mashigin Hormuz ganga za ta wuce dala 100, don haka babur ɗina zan sayar in zuba kuɗin a harkar mai." Hormuz ɗin nan mashigin teku ne a gefen Iran da jiragen dakon mai ke bi. Gabana ya faɗi, domin irin maganar da na yi wa mahaifiyarsa ke nan shekara 17 da suka wuce.

A watan Yulin 2008 ganga ta kai dala 147. Na sayar da filin da na gada a bayan gari, na haɗa da rancen banki, na sayi hannun jarin wani kamfani mai sayar da fetur a gidajen mai. Ba hauka ya sa ni ba, domin kowa a wurin aikinmu yana saye, ana cewa China da Indiya ba za su taɓa ƙoshi da mai ba, kuma ma'aikatan banki da kansu ke kawo takardar rance har ofis. Sai dai ban taɓa karanta rahoton kuɗin kamfanin ba, ban kuma san cewa mai sayar da fetur a gidajen mai ba lallai ne ya ci ribar tsadar ɗanyen mai ba. Kafin ƙarshen Disamba ganga ta faɗo ƙasa da dala 40, kasuwar hannun jari ta Legas ta durƙushe, dillali ya daina ɗaukar waya. Shekara huɗu ana yankar albashina. Takardun hannun jarin suna nan a ƙasan akwati cikin leda, filin kuwa an cika shi da gidaje, kuma har yau nakan sake hanya don kada in gan shi.

Na yi niyyar jera wa yaron shawarwari goma, biyu kawai suka fito. Kada ka sayar da abin da ke ciyar da kai, kuma kada ka ci bashi, domin kafin labarin yaƙi ya iso wayarka manyan 'yan kasuwar Landan da New York sun riga sun saya, kai ne za su sayar wa. Na ce masa idan ya zama dole ya sayi hatsi, wanda ko ya karye zai ci, sai na tuna waɗanda suka jibge masara a ƙarshen 2024 suka sayar da asara, ga kuma alhakin ɓoye abinci mutane suna yunwa. Na janye maganar.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne 'ya'yan yanzu ba sa tsayawa su ji ƙarshen magana. Ina bayani, yatsansa na kan waya. A wancan karon ba a rufe Hormuz ba, aka tsagaita wuta, ganga ta koma ƙasa da dala 70. Babur ɗin yana nan, amma na roƙi mahaifiyarsa ta riƙe takardunsa a ɗakinta.