Hadarin da ya wuce ta kanmu, ina yake ƙarewa?

Tun 2017 na kamu da wannan ɗabi'ar, da zarar Agusta ya kama sai na buɗe hoton satalayit a waya kafin in kwanta. Guguwar Irma ce sila. Yayana yana jihar Florida ta Amurka lokacin, Hajiyarmu ta kasa barci, bini-bini sai ta ce "duba min ina abin nan ya kai", haka na fara bin hotunan da kaina ina koyo.

Abin da ya girgiza ni shi ne da na koma baya na ga inda ta samo asali. Daga Afirka ta Yamma fa! Kun san hadarin nan da ke haɗowa daga gabas da la'asar, iska ta fara buga kwanon rufi mata na rige-rigen kwashe shanya, to irinsa ne ke tafiya yamma duk bayan kwana 3 zuwa 5, ya ratsa Chadi da Nijar da Mali har ya faɗa tekun Atlantika ta wajen Senegal. Irma ta samu suna ranar 30 ga Agusta kusa da tsibiran Cape Verde, 6 ga Satumba ta ragargaza tsibirin Barbuda na yankin Caribbean da iska mai gudun kusan kilomita 285 a awa, ranar 10 ta shiga Florida.

Tauraron ɗan Adam na Meteosat da ke kallon yankinmu yana can sama wajen kilomita 36,000, yana juyawa daidai da duniya shi ya sa kamar a tsaye yake. Hoton da na fi so shi ne wanda ke auna sanyin saman gajimare, don ko cikin dare yana aiki, iya tsayin gajimare iya sanyinsa. Ranar da na fara ganin idon Irma, rami zagayayye tas a tsakiyar farin gajimare, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi, na ajiye wayar na yi ta salati.

Yawancin dunƙulen hadarin nan da ke faɗawa teku dai a hanya suke mutuwa, busasshiyar iskar Sahara mai ƙura ta shaƙe su, kuma sai ɗumin ruwan teku ya kai digiri 26 zuwa 27 kafin su samu ƙarfi.

Yaya ya bar gidansa kwana biyu kafin Irma ta iso, saboda cibiyar lura da guguwa ta Miami ta riga ta fitar da hanyar da take hasashen za ta bi. Jiya ma na ga wani dunƙule ya fita ta Senegal, na tura masa hoton ta WhatsApp, Hajiya kuma ban nuna mata ba tukuna.