Uku da Rabi

Sai da na shekara huɗu a Italiya kafin wani ya tambaye ni sana'ata. Daga ina na fito, an tambaya. Takardar zama, an tambaya har na gaji da zaro ta daga aljihu. Amma abin da hannuna ya iya, babu wanda ya damu ya sani. Ni kuwa bakaniken babur ne, tun ina ɗan shekara 12 nake wanke fulogi a gindin darbejiya a Kano. Da aka hana acaɓa a farkon 2013 garejinmu ya mutu a tsaye, kowa ya kama gabansa. Ni tawa hanyar ta ƙare a lardin Modena, a wani kamfanin tayil kusa da Sassuolo, ina ɗaure kwali awa takwas a rana.

Da keke nake zuwa aiki. Lokacin sanyi wani hazo ke sauka a yankin nan, ba irin namu na hunturu mai busar da leɓe ba, shi wannan jiƙa kaya yake yi, kuma ba ka ganin abin da ke gabanka taku goma. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙasar injina na faɗo: Ferrari na Maranello, tafiyar 'yan mintuna daga inda nake kwana, Ducati na Bologna, ni kuwa ko sifana ban mallaka ba. Lasin ɗina na Najeriya ba a canza shi a nan, dole ka sake jarrabawa daga tushe, da Italiyanci. Rabin Italiyancin da nake ji yau daga littafin lasin na koye shi, da daddare, ina bin kalma ɗaya ɗaya da yatsa.

Wata Lahadi ina wucewa ta bayan unguwarmu na ga wani dattijo a ƙofar garejinsa yana fama da wani jan babur. Ya buga kik, injin ya yi tari ya mutu. Ya sake, haka. Na jingine keke na tsaya ina saurare, don kunnen bakanike ba ya barinsa ya wuce. Da ya ɗago ya dube ni, na haɗa 'yan kalmomin da nake da su na ce masa man ya kwana, ya yi danƙo a kabureta. Ya daɗe yana kallona. Sai ya miƙo mini sukudireba.

Kabureta biyu ne, Dell'Orto, kowace silinda da tata. Na kwance su a kan tsumma, na zaro ƙananan jet ɗin na ɗaga su saitin rana: ramin ɗaya a toshe yake ruf da wani koren datti. Na wanke, na hura da baki, na sake ɗagawa har haske ya ratso kamar ƙofar allura. Hannuna na rawa, ba don aikin na da wuya ba, don shekara huɗu rabona da warin fetur a yatsuna. Bugu biyu ya tashi. Dattijon ya dafa kafaɗata ya ce, "Yaro, ashe kai bakanike ne?" Na ce, "Ni ne, Baba."

Moto Morini ne, ƙirar 1975, samfurin da suke kira Tre e mezzo, wato uku da rabi, saboda injinsa siisii 344 ne, sun cike shi zuwa 350. Nau'in Sport ne, mai ƙahon tuƙi ƙasa ƙasa da kujera mai tozo a baya. Alfonso Morini ne ya kafa kamfanin a Bologna a 1937, bayan rasuwarsa a 1969 'yarsa Gabriella ta riƙe shi, kuma a zamaninta ne Franco Lambertini, injiniyan da ya baro Ferrari, ya zana wannan injin. Duk wannan a bakin dattijon na ji, Lahadi bayan Lahadi, yana zaune a kan kwandon lemo ni ina tsugune. In ya kai kan 1963 muryarsa sai ta canza: shekarar da Tarquinio Provini a kan Morini mai silinda ɗaya ya rasa kambun duniya na ajin 250 a hannun Jim Redman na Honda da maki biyu kacal. Yana faɗa kamar jiya aka yi.

Ni abin da ya kama zuciyata hikimar ƙirar ce. Silinda biyu a buɗe kamar gwafa, digiri 72 tsakaninsu. Da na fara ɗage kan silinda na ga cikinsa shafe kamar faranti, na zaci wani ne ya goge shi. Ashe haka aka yi shi: ramin da mai ke ƙonewa a saman fistin aka fafe shi. Inda na saba ganin sarƙar taimin, bel ɗin roba ne mai haƙora, abin da ba a saba gani a babur ba a wancan zamanin. Giya shida. Nauyinsa bai kai kilo 150 ba in babu mai, ƙarfinsa doki 39. Baburan yau sun ninka shi ƙarfi sau uku, sau huɗu, amma a ganina yawancinsu ƙiba ce da roba. Wannan babu ƙusa ɗaya a jikinsa da ba ta da aiki.

Bayan shekara ɗaya gwiwar dattijon ta ƙi, kuma wannan ƙirar ba ta da sitata, kik ne kawai, shi ma a hagu. Ya ce masu tara tsofaffin babura sun taya, amma a falo za su girke shi ya mutu. Ya sa mini kuɗin da na san ya yi mini ragi, duk da haka sai da ya cinye abin da na tara na wata goma sha huɗu. Da na gaya wa yayana a waya ya yi shiru, sannan ya ce, "Babur ɗin da ya girme ka? Ga rufin ɗakin Inna yana zuba?" Gaskiya ya faɗa, kuma ta yi mini zafi. Sai da na fara tura kuɗin kwanon rufin, na roƙi dattijon ya jira ni wata biyar. Ya jira. Inna kuwa da ta ji labari cewa ta yi, "Ubanka ma haka ya yi da Vespa ɗinsa, har shafa ta yake yi. Allah ya tsare hanya."

Ranar canjin suna, da na ga sunana a takardar mallaka, shi ne karo na farko da wata takardar ƙasar nan ta ce ina da wani abu, ba izinin zama kawai aka ara mini ba. Da yake ya haura shekara 30, an ɗauke masa harajin mallaka na shekara shekara, sai ɗan abin da ake biya in za a hau titi da shi.

Giyarsa a ƙafar dama take, birkin baya a hagu, akasin duk abin da ƙafata ta sani. Sati uku ina zagaye a filin ajiye motoci kafin jikina ya yarda. Sannan wata Lahadi ta watan Mayu na kama tsohuwar hanyar Bologna zuwa Firenze, na hau duwatsu har Raticosa, mita 968 sama da teku, inda masu babura ke taruwa. A kwanonin hanyar nan na gane abin da rashin nauyi ke nufi: kafaɗa kawai za ka karkata, ya bi ka.

Ina kashe injin, mutum biyar suka kewaye ni, duk masu furfura. Ɗaya ya durƙusa yana duba birkin gaba mai ganga, wani ya ce in sake tayar da shi ya ji. Ya saurara, ido a rufe, ya tambayi wanda ya daidaita mini kabureta. Na nuna ƙirjina. Ya zaro waya ya ce in ba shi lambata, yana da Gilera da ta shekara shida ba ta tashi ba.

Gilerar tana garejin dattijon nawa yanzu, a kan benci, na sauke tankinta. Asabar mai zuwa zan buɗe injin.