Koyar da Turanci a Garwa da takardar Najeriya

Ni ɗan Mubi ne, NCE gare ni a Turanci, wato takardar shaidar malanta ta Najeriya, na daɗe ina koyarwa a sakandare kafin 2014 da Boko Haram suka shiga garin muka tsallako Kamaru, daga Gider muka gangaro Garwa wajen dangin mahaifiyata. A zatona aiki ba zai yi wuya ba tunda ƙasar da harshe biyu take aiki, Faransanci da Turanci, kuma yaran nan arewa dole su rubuta Turanci a jarrabawoyin sakandare na BEPC da probatuwar da bak, ga malaman ba su wadata ba. To aikin kam an samu, matsayin ne babu.

Abin da mutum zai fara sani, NCE ɗin nan ba ta nufin komai a nan sai an yi mata ekivalans a Yawunde, ma'aikatar ilimi mai zurfi ce ke duba takardun waje ta faɗi daidai da me suke. Kuma ko an yi maka, ba ka zama malamin gwamnati ba. Malamin lise, wato sakandare, na gwamnati ta ENS yake fitowa, babbar makarantar horon malamai, irin ta Marwa da aka buɗe a 2008, ya fito da DIPES, takardar koyarwa a sakandare, kuma aikin gwamnati sai ɗan ƙasa. Wato baƙo ko shekara nawa ya yi da alli a hannu wannan ƙofar a rufe take, ya ma daina wahalar da kansa. Abin da ya rage makarantun kuɗi ne, ko ka zama vakater a biya ka da awa daga kuɗin ƙungiyar iyayen yara.

Vakater ɗin na yi. Awar da ka shiga aji ita ce kuɗinka, ranar da ka kwanta zazzaɓi babu, dogon hutun Yuli da Agusta babu ko sefa ɗaya, sai ka koma bin gidaje kana yi wa yaran masu hali darasi da yamma. A wata makaranta ni ke riƙe da ajin masu jarrabawa, ni ke tsara tambayoyi, amma ranar da sufeto zai zo sai mai makarantar ya ce Malam yau ka huta a gida, saboda sunan da ke cikin dosiyensu, wato fayil ɗin makarantar, na wani yaro ne mai diplom wanda ni nake gyara masa darasi. Ban ga laifin yaron ba wallahi, shi ma abinci yake nema, kuma Faransancinsa ya fi nawa nesa.

Faransancin nan shi ne abin da 'yan uwanmu masu zuwa ke rainawa. A Mubi da Turanci ake koyar da komai, yaro yana jinsa a lissafi da kimiyya, a nan kuwa 'yan awoyi ne a mako, yana fita aji sai Fulatanci da Faransanci. In ba ka iya kwatanta masa da abin da ya sani ba sai ya yi ta kallonka kawai. Sai da na zauna na koya wajen wani maƙwabci, ni in ba shi Turanci shi ya ba ni Faransanci, daga nan aji ya fara tafiya, ofis ma aka daina juya ni.

Takardu kuwa, kart sejur tukuna, wato takardar izinin zama, in babu ita babu mai sa maka hannu a kwantiragi, kuma a doka kwantiragin baƙo sai ma'aikatar da ke kula da samar da aikin yi ta amince da shi, shi ya sa masu makarantu da yawa suka fi son maganar baki. Ni yanzu duk inda na koyar sai na karɓi atestasiyon, takardar shaida mai hatimi, da ta nuna ajin da na riƙe da shekarar, ko da mai makarantar zai ɓata rai. Su na haɗa da kwafin NCE da sakamakon kowace shekara daga kwalejin da na yi, aka manna timbir, wato kan sarki, aka aika Yawunde neman ekivalans. Jiran tabbatarwa daga Najeriya shi ya fi cin lokaci, har sai da ƙanena ya je da ƙafarsa ya bi sawu. Da ekivalans ɗin ta fito wata makarantar kuɗi ta ɗauke ni da albashin wata har da hutu, an kuma yi min rajista a CNPS, asusun fansho da kula da ma'aikata, sai dai shekarun da na yi a Mubi ba a lissafa su ba, a matakin sabon malami aka sa ni.