Abin da karatun halayyar 'yan wasa ya koya mini a jami'a

Da na zaɓi ilimin halayyar 'yan wasa a jami'a, abokaina sun ɗauka za a koya mana yadda ake zuga 'yan ƙwallo kafin su shiga fili. Zuga kuwa ita ce abin da muka fi ƙarancin yi. Shekarar farko ta tafi ne a kan ƙididdiga, da yadda ƙwaƙwalwa ke sarrafa motsin jiki, da yadda ake tsara bincike don kada mutum ya yaudari kansa. Mai gudun lissafi ya sani, a nan ma zai tarar da shi yana jira.

Darasin da ya fi kama ni shi ne na idon jama'a. A 1898 masanin halayyar ɗan Adam Norman Triplett, a Jami'ar Indiana da ke Amurka, ya lura masu tseren keke sun fi sauri idan suna da abokan karawa. Sai ya gwada da yara, ya sa su naɗe zaren fatsa, wani lokaci su kaɗai, wani lokaci a gasa. Wasu suka ƙara sauri, wasu kuma suka rikice. Wannan kashi na biyun shi ake yawan mantawa da shi. A 1965 wani masanin, Robert Zajonc, ya kawo bayani: kasancewar mutane tana tayar da jiki, jiki kuma sai ya koma ga abin da ya fi sabawa da shi. Idan ka ƙware, 'yan kallo su ɗaga ka. Idan kana koyo ne, su kayar da kai.

Na ga haka da idona lokacin da aka tura mu horon aiki a wata ƙungiyar matasa. Aikina ba ya wuce zama a gefen fili da littafin rubutu. Akwai wani ɗan baya da ba ya sakin jiki sai an yi ta ihu ana kiran sunansa. Golansu kuwa, ihun nan ne ke sa hannunsa rawa. Shi dai a bar shi ya zauna shiru kafin wasa. Kocin yana yi musu jawabi ɗaya mai zafi, yana ganin ya yi wa kowa adalci. A aji mun karanta dokar Yerkes da Dodson ta 1908, wadda ke cewa kuzari kaɗan ba ya isa, mai yawa kuma ɓata aiki yake yi. Amma aikin masanin halayyar 'yan wasa Yuri Hanin ne ya fi dacewa da abin da nake gani, domin shi ya nuna kowane ɗan wasa da nasa ma'aunin fargabar da yake fi yin ƙoƙari a cikinsa. Kafin ka gane na mutum sai ka yi makonni kana kallo kana tambaya, ba ka ba da shawara ko ɗaya ba.

Amma ƙwarewa ma ba kullum take hana mutum rikicewa ba. Roberto Baggio, gwanin ƙwallon Italiya, ya ɗaga fenariti sama a wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 1994, Simone Biles kuma, gwanar wasan tsalle da alkafura ta Amurka, ta janye daga wasu wasanninta a gasar Olamfik ta Tokyo a 2021 bayan ta daina gane inda jikinta yake idan ta tashi sama. Malamanmu ba sa yarda mu kira irin wannan ragwanci. Sai dai mu faɗi abin da ya faru da hankalin ɗan wasan, da hujja.

Ɓangaren da na shiga ba da zumuɗi ba, shi ya zama abin da na rubuta kundin kammala karatuna a kai: me ke sa mutum ya ci gaba da wasa, me kuma ke sa ya daina. Masana halayyar ɗan Adam Edward Deci da Richard Ryan sun ce mutum yana ɗorewa a kan abu idan yana jin da zaɓinsa yake yi, yana ganin yana ƙara iyawa, kuma yana da mutanen da yake ji nasa ne a wurin. Matasan da na yi hira da su bayan sun bar wasa, ba shan kaye ne ya kore su ba. Zaman benci ne babu bayani, da tsawa a gaban abokai, da iyayen da ke mayar da hanyar komawa gida zaman tuhuma.

Akwai kuma iyakar aiki, wadda aka yi ta nanata mana. Digirin farko ba ya mai da mutum likitan ƙwaƙwalwa. Idan ɗan wasa ya zo da alamun ciwon damuwa ko matsalar cin abinci, aikinka shi ne ka haɗa shi da ƙwararre. Abin da ya faɗa maka kuma amana ne, sai fa idan rai na cikin haɗari. Kocin nan ya taɓa tare ni yana son jin abin da golansa ya gaya mini. Na ce masa, "Koci, ka yi haƙuri, sai dai ka tambaye shi da kanka." Bai ji daɗi ba, amma ya je ya tambaye shi.