Yau na sa habbatus sauda a gurasa

Asabar. Tun da safe na kwaɓa fulawa da yis saboda yara sun ishe ni da maganar gurasa bandashe, kuma dama akwai habbatus sauda da Inna ta kawo mana tsaraba daga Umara, tana nan cikin kwalba ba mai taɓa ta sai wani ya fara tari a haɗa masa da zuma. Abin nan yana damuna wallahi. Mu mun mayar da ita magani kawai, alhali a Turkiyya kan burodi ake barbaɗa ta yadda muke yi da riɗi, Indiyawa suna sa ta a miya, Habashawa ma tana cikin kayan yajinsu.

Cokalin shayi ɗaya na zuba a busasshen kasko, wuta kaɗan kaɗan, ina juyawa har ƙamshin ya tashi, wani ƙamshi mai ɗan yaji yaji da ya cika kicin ɗin, nan take na sauke don in ta ƙone ɗacinta ba a magana. Rabi na daka a turmi na zuba cikin kwaɓin, rabi na barbaɗa a sama.

Ana cikin gashi sai ga Yaya ta shigo. Ta leƙa ta ce "ke yanzu magani kika zuba wa yara a abinci?" Na ce Yaya ɗanɗana tukuna. Da ƙuli da man gyaɗa da albasa suka hau kai ai ba ta ƙara magana ba, har ta ce in ƙulla mata ta kai wa maigidanta.

Ƙwayar nan ƙarama ce amma kusan kashi ɗaya cikin uku nata mai ne, furotin ɗinta ya kai wajen kashi 20 cikin 100, ga ayon mai ƙara jini ga kalsiyam. Sai dai cokali ɗaya da duk gida suka raba ba zai yi aikin wake ko zogale ba, shi ya sa na fi son ta riƙa shiga girki a kai a kai. Hadisin da ya ce waraka ce daga kowace cuta banda mutuwa na yi imani da shi ɗari bisa ɗari, amma hankalina ya tashi da Yaya ta ce maƙwabciyarta ta ajiye maganin hawan jini ta koma shan man zalla. Na roƙe ta ta lallaɓa ta su koma wajen likita.

Gobe in Allah ya kai mu a miyar taushe zan gwada.