Abin da riƙe sabar imel ta kaina ya koya min

Duk wanda ya ji ina da sabar imel ta kaina, wato kwamfutar da ke karɓa da aika imel ɗina, tambayar da yake fara yi ita ce to mi ya hana ka zama a Gmail kamar kowa? Tambaya ce mai kyau wallahi, kuma ni ma ina da Gmail ɗina har gobe. Abin da ya kai ni ga wanga aiki shi ne ina kula da kwamfutoci da netwok na wani ƙaramin ofis a nan cikin garin Sakkwato, kullum sai an kira ni wai saƙo bai je ba ko an ce an turo bai zo ba, ni kuma ina son in san ainihin inda saƙo ke bi tun daga danna turawa har ya faɗa wayar mutum. Shi ya sa na yi rajistar sunan intanet mai ƙarewa da .com.ng ta hannun ɗaya daga cikin dillalan da NiRA ta amince da su, ita ce ke kula da duk sunayen .ng, na fara haɗawa da kaina da dare in an tashi aiki.

Na farko dai, kar ka ce a gida za ka ajiye ta. Kowa ya san yadda wuta take a nan, ga zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, ƙaramar kwamfuta a ɗakin da ba iska sai ta yi ta huci. A ce ma kana da sola da inbata masu kyau, intanet ɗin layin waya da yawancinmu ke amfani da shi ba ya ba ka lambar IP taka kai kaɗai, wato adireshin na'urarka a intanet, ku da yawa ne ke fita da lamba guda, don haka ba yadda za a yi wata saba daga waje ta ƙwanƙwasa maka ƙofa ta 25, wadda ta nan ne sabobi ke miƙa ma juna saƙo. Kuma Spamhaus, ƙungiyar da ke yaƙi da saƙonnin banza, na da jerin lambobin gidaje da na layukan waya da bai kamata a ce imel na fita kai tsaye daga cikinsu ba, sabobi da yawa suna duba jerin nan su ƙi karɓa. Mafita ita ce hayar ƙaramar saba a cibiyar ajiyar sabobi, kuɗin wata ba su da yawa sai dai in da dala ake biya za ka ji a jikinka. Kafin ka biya ko sisi ka tambaye su ko ƙofa ta 25 a buɗe take, don da yawa suna rufe ma sababbin kwastomomi, ka kuma tambaya ko za su bar ka ka saita PTR, wato in an bi lambar IP ɗinka a ga sunan sabarka. In sunka ce a'a, nemi wani wuri.

Wurin da na fi ƙaruwa shi ne zaɓen manhaja. Akwai irin su Mailcow da iRedMail da Mail-in-a-Box da ke haɗa maka komai lokaci guda, ban raina su ba ko kaɗan, mai gaggawa su ne daidai da shi. Amma ni koyo na zo yi, sai na ɗauki ƙanana waɗanda kowace aiki ɗaya ta sani. Postfix ita ke karɓa da aikawa, Wietse Venema ɗan ƙasar Holan ya rubuta ta yana aiki a IBM, ta fito a 1998. Dovecot ita ke buɗe ma wayarka akwati ta IMAP, wato hanyar da waya ke karanta saƙonni daga saba, wani ɗan Finlan Timo Sirainen ya fito da ita a 2002. Saitin Postfix rubutu ne zalla cikin fayil mai suna main.cf, layukan da za ka taɓa ba su da yawa, kuma ko wanne in ka zauna ka karanta bayaninsa za ka gane abin da yake yi. In ka zaɓi tsarin Maildir kowane saƙo fayil ne guda a cikin folda, sabo yana faɗawa cikin new, in an buɗe shi ya koma cur, kana iya buɗe shi da idonka ka karanta bayanan da ke samansa ka ga duk sabobin da ya ratsa da lokacin da ya isa kowace. Ajiyar kwafi ma rsync mai kwafe fayiloli da cron mai tayar da aiki a kan lokaci sun wadatar, kowane dare su kwashe foldar zuwa wani wuri daban. Saba mai ƙwaƙwalwa gig ɗaya ta ɗauke su duka ba ko gumi.

Ranar da na fara magana da sabar da hannuna ba tare da wata manhajar waya ba ne abin ya zauna min a kai. Ka haɗu da ita ka rubuta EHLO da sunanka, ta amsa da 250. Ka rubuta MAIL FROM da adireshinka, 250. RCPT TO da na wanda za ka aika ma, 250. Ka ce DATA ta ce 354, wato bismillah rubuta, ka rubuta saƙonka ka rufe da ɗigo ɗaya a layi shi kaɗai, ta ba ka lambar da ta sa ma saƙon a jerin aikawa, shi ke nan an aika. Ashe gaisuwa ce da amsa kawai, kuma tushen nan tun 1982 Jon Postel ya rubuta shi a ƙa'idar SMTP, har yau a kansa ake tafiya da ƙare-ƙaren da anka yi daga baya. Amsar da ta fara da 4 na nufin yanzu ba hali a dawo an jima, wadda ta fara da 5 kuma an ƙi gaba ɗaya. Wanga bambanci ya kwantar min da hankali sosai, don in sabarka ta mutu na awa biyu ko ma kwana guda saƙonni ba ɓacewa suke ba, sabar mai aikowa tana riƙe su tana sake gwadawa, Postfix a saitinta na asali har kwana 5 take yi kafin ta haƙura ta mayar ma mai shi.

Yanzu in an ce min saƙo bai je ba, buɗe fayil ɗin rahoto nake, mail.log, in sa grep ya nemo min adireshin, sai ga layin ya fito da status=sent ko deferred ko bounced, wato an aika ko an jinkirta ko an dawo da shi, a gabansa kuma ga ainihin abin da sabar can ta faɗa da bakinta. Akwai ranar da ogana ya leƙo ya ce Malam wai mutanen nan sun ce ba su ga takardarmu ba, na ce ranka ya daɗe adireshin da anka ba mu ne akwai harafin da ya ɓace, ga amsarsu nan 550 babu mai wannan suna. A sabar tawa na koyi karanta irin amsar nan, kuma ita ce ta fi yi min amfani a ofis.

Sai babban darasin, wanda ya fi cin lokaci. Haɗa manhaja aikin yamma ɗaya ne, amma a yarda da saƙonka wani abu ne daban. Kamar baƙon da ya shigo kasuwar Kara da shanu ne, ko dabbobinsa sun fi na kowa ƙiba sai an ji wane ne mai masaukinsa kafin a buɗe baki a yi ciniki. A imel masu tsaya makan suna cikin DNS, wato kundin intanet da ake rubuta bayanan kowane suna. SPF layi ne da ke cewa ga lambobin da na yarda su aika da sunana. DKIM sa hannu ne da sabarka ke yi a kan kowane saƙo da mabuɗin sirri, ɗayan mabuɗin kuma yana DNS kowa na iya gwadawa da shi. DMARC shi ke gaya ma masu karɓa abin da za su yi in waɗancan ba su dace da sunan mai aikawa ba, kuma a fara da p=none, wato kar a ɗauki mataki, ana karanta rahotannin da ke zuwa, sai an tabbata komai ya daidaita a matsa zuwa quarantine ko reject, wato a jefa a kwandon shara ko a ƙi karɓa. Daga Fabrairun 2024 Google da Yahoo sun tsaurara ƙa'ida, ko saƙo kaɗan kake aikawa sai kana da SPF ko DKIM da PTR mai kyau, masu aika 5,000 a rana zuwa Gmail kuma dole su haɗa SPF da DKIM da DMARC duka. Da manhajar dig nake duba kowane layi bayan na saka. Duk da haka sabuwar lamba ba ta da tarihi, saƙonka na iya faɗawa kwandon shara a manyan kamfanoni alhali ba ka yi laifin komai ba, abin yana da ciwo gaskiya, maganinsa shi ne ka riƙa aika kaɗan kaɗan ga mutanen da sunka san ka suna amsawa, har a saba da kai.

Ɓarayi kuwa ba sa jira. Ba a jima da buɗe ƙofa ba rahoto ya cika da na'urori daga ƙasashe daban daban suna gwada kalmar sirri, admin, info, test, ba dare ba rana. Fail2ban ke karanta rahoton tana toshe duk lambar da ta yi ta kuskure. A tabbata kuma sabar ba ta miƙa saƙon wanda bai shiga da kalmar sirri ba zuwa waje, in ba haka ba masu saƙon damfara za su hau kanta su ɓata sunan lambarka cikin dare ɗaya. Takardar tsaro ta Let's Encrypt, wadda ake ɓoye saƙo da ita a hanya, kyauta ce, kwana 90 take yi, certbot na sabunta ta da kansa amma sai an saita Postfix da Dovecot su sake ɗaukar sabuwar.

Wani ƙanena da ke karatun kwamfuta a jami'ar Danfodiyo ya ce Yaya ni ma zan haɗa tawa, na ji daɗi ƙwarai na ce ya yi, amma kar ya mayar da imel ɗin bankinsa ko na makaranta can tukuna sai ta yi watanni tana aiki lafiya. Na kuma ja masa kunne a kan adireshin da zai buɗe asusun hayar saba da na rajistar suna, kar ya zama na kan sabar kanta, don in sunan ya ƙare ko sabar ta tsaya, saƙon gargaɗi da na canza kalmar sirri duk cikin akwatin da ya rufe za su nufa. Ya sa ranar sabunta sunan a kalandar wayarsa tun yanzu, ya kuma gwada dawo da saƙonni daga kwafin ajiya ko sau ɗaya ne kafin ya ba kowa sabon adireshin.